Daga Mongstad zuwa Ashaka: Kama Iskar Kabon da Abin da Ya Shafi Gombe

Assalamu alaikum, jama'ar Gombe da sauran masu kallo a duk inda kuke. Ina magana da ku ne daga Mongstad, a gaɓar tekun yammacin Norwe, arewa da birnin Bergen inda nake karatun injiniyancin sinadarai. Dogayen hasumiyoyin nan da kuke hangowa a bayana na cibiyar gwajin fasahar kama iskar kabon ne, wadda aka buɗe a shekarar 2012, kuma tana cikin mafi girman irinta a duniya. Abin da ya kawo ni shi ne tambayar da wani malamin sakandare ya aiko mini daga Bajoga. Ya ce ya ji labarin cewa Turawa sun gano yadda za a ƙona kwal ba tare da an gurɓata iska ba, to me zai hana a gina babbar tashar lantarki a kan kwal ɗin Maiganga, jiha ta huta da ɗauke wuta? Malam, tambayarka mai nauyi ce, kuma zan amsa ta dalla-dalla, domin amsar ta shafi garinku fiye da yadda ake zato.

A duk lokacin da aka ƙona kwal ko gas don samar da lantarki, hayaƙin da ke fita yana ɗauke da iskar kabon, wadda taruwarta a sararin sama ke riƙe zafi, tana sauya yanayin damina da rani. Sai dai ba ita kaɗai ce a cikin hayaƙin ba. A tashar kwal ba ta wuce kashi 12 zuwa 15 cikin 100, a tashar gas kuwa kashi 3 zuwa 4 ne kacal, sauran duk iskar naitrojin ce da tururi da ragowar iskar oksijin. Wahalar aikin tana wajen tsamo wannan ɗan kason daga hayaƙi mai ɗimbin yawa da ke fita dare da rana. Hanyar da aka fi amfani da ita ita ce a tura hayaƙin daga ƙasan hasumiya yana hawa, a riƙa yayyafa masa wani ruwan sinadari da ake kira amin daga sama, sai ruwan ya riƙe iskar kabon ya bar saura su wuce. Daga nan a kai ruwan hasumiya ta biyu, a dafa shi har zafinsa ya kai kimanin digiri 120, ya saki iskar da ya riƙe, a tattara ta a matse, shi kuma ruwan a mayar da shi ya sake zagayowa.

Ina so ku riƙe maganar dafawar nan, domin a kanta komai ya rataya. Tururin da ake dafa ruwan da shi daga jikin tashar ake ɗebo shi, wato tururin da ya kamata ya juya injin samar da wuta, kuma injunan matse iskar ma wuta suke sha. Saboda haka tashar kwal da aka ɗora wa wannan fasaha tana iya rasa tsakanin ɗaya bisa biyar zuwa ɗaya bisa huɗu na lantarkin da za ta tura wa jama'a. Yawancin binciken da ake yi a nan Mongstad a kan haka yake: kamfanoni na kawo sabon sinadarinsu a gwada shi na tsawon watanni, a ga ko zai saki iskar da ƙarancin zafi, ko zai jima bai lalace ba, ko yana cin ƙarfe, da kuma ko shi kansa yana fitar da abin da zai cutar da mutane. An tsara wurin yadda zai karɓi hayaƙi mai ƙarancin kabon irin na tashar gas, da mai yawan kabon daga matatar man da ke maƙwabtaka da shi. Iskar da aka kama a nan ana sake sakinta ne bayan an auna, domin wurin gwaji ne, ba rumbun ajiya ba.

Tarihin wannan wuri ma darasi ne. A jawabinsa na sabuwar shekarar 2007, Firaministan Norwe na lokacin, Jens Stoltenberg, ya kwatanta shirin kama hayaƙin tashar gas ta Mongstad da sauka a duniyar wata. A 2013 gwamnati ta soke babban shirin saboda tsada, aka bar cibiyar gwaji kawai. Ƙasa mai arzikin mai kamar Norwe ce ta ja da baya.

Wuraren da aka kai aikin ga cikakkiyar tashar kwal ba su da yawa. Na farko shi ne sashe na uku na tashar Boundary Dam a lardin Saskatchewan na Kanada, wanda ya fara aiki a watan Oktoban 2014, an tsara shi ya kama kimanin tan miliyan ɗaya a shekara, amma a mafi yawan shekaru bai kai wannan adadi ba saboda tsayawar na'urori da gyare-gyare. Na biyu Petra Nova ne a jihar Texas ta Amurka, wanda ya fara a 2017, ya tsaya a 2020 lokacin da farashin mai ya faɗi, sannan aka sake kunna shi a 2023. Dalilin tsayawar abin lura ne: ana sayar da iskar ce ga masu rijiyoyin mai, su tura ta ƙasa don ta ingizo ragowar ɗanyen mai, don haka da mai ya yi arha sai lissafin ya rushe. A Kemper ta jihar Mississippi kuwa an kashe fiye da dala biliyan 7, daga ƙarshe a 2017 aka watsar da ɓangaren kwal, tashar ta koma ƙona gas.

To Malam, ga amsata game da Maiganga, kuma ina faɗar ta da damuwar wanda iyayensa ke kwana cikin zafi a Gombe babu wuta. Nijeriya mai mutane fiye da miliyan 200 tana rarraba abin da yawanci ke kaiwa tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, kuma fiye da mutum miliyan 80 ba su da lantarki ko kaɗan. Afirka baki ɗayanta kimanin kashi 4 cikin 100 na iskar kabon ta duniya take fitarwa. A irin wannan hali ban ga hikimar gina tashar kwal mai tsada, sannan a ƙara mata na'urar da za ta cinye rubu'in wutarta ba, alhali muna da rana mai ƙarfi kusan duk shekara, muna da madatsar ruwan Dadin Kowa mai megawat 40, kuma babbar matsalarmu tana wajen layukan ɗauko wuta da rarraba ta. Kwal ɗin Maiganga kuma ba mai daraja ta sama ba ne, ana ƙona mai yawa kafin a samu zafi, sannan wannan fasaha ba ta magance ƙurar haƙa ko taɓa gonaki da ruwan shan mutanen ƙaramar hukumar Akko, inda Maiganga take.

Amma kada a ɗauka cewa binciken bai shafe mu ba. Inda ya shafe mu kai tsaye shi ne siminti, kuma kai da kake Bajoga kana kallon hayaƙin masana'antar simintin Ashaka kullum. Idan aka gasa farar ƙasa a cikin tanderu don yin siminti, dutsen da kansa ne yake sakin iskar kabon, kuma wannan ya kai kusan kashi 60 cikin 100 na abin da masana'antar ke fitarwa. Ko da an daina ƙona kwal gaba ɗaya, an koma wani makamashi mai tsabta, wannan kaso yana nan, ba shi da mafita sai kamawa. Shi ya sa a 2025 masana'antar siminti ta Brevik da ke kudancin Norwe ta fara kama kimanin tan 400,000 a shekara, wato kusan rabin abin da take fitarwa, tana amfani da zafin tanderu da a da yake tafiya a banza wajen dafa sinadarin. Ana mayar da iskar ruwa, a ɗora ta a jirgin ruwa zuwa Oygarden, kusa da Bergen, daga can bututu mai tsawon kilomita 100 ya kai ta cikin teku, a cusa ta mita 2,600 ƙarƙashin ƙasan teku. Sunan aikin ajiyar Northern Lights, kuma gwamnatin Norwe ce ta ɗauki kaso mafi girma na kuɗin shirin, abin da ya kamata a faɗa duk lokacin da ake yabonsa.

Ajiyar ita ce ɓangaren da ya fi tayar wa mutane hankali, kuma suna da gaskiya su tambaya. Ba wani kogo ake nema a cika ba. Masu haƙar rijiya a garuruwanmu sun san cewa ruwa ba tafki yake yi a ƙarƙashin ƙasa ba, yana zaune ne a 'yan ƙananan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da dutse, to haka iskar kabon take zama. Ana neman dutsen yashi mai kafofi, cike da ruwan gishiri da ba ya shayuwa, a zurfin da ya wuce mita 800, domin daga nan ne matsi ke sa iskar ta yi kauri kamar ruwa, ta ɗauki wuri kaɗan. Dole kuma a samu shimfiɗar dutsen laka mai tauri a samansa wadda za ta zame masa murfi. Da tafiya ta yi tafiya wani kaso yana maƙalewa a kafofin, wani ya narke a ruwan gishirin, wani kuma a hankali ya zama dutse. A filin gas na Sleipner da ke Tekun Arewa ana yin haka tun 1996, bayan Norwe ta sa harajin kabon a 1991, ana kuma bin motsin iskar a ƙarƙashin ƙasa da na'urorin auna amon sauti.

Na san wasu za su tuna da tafkin Nyos na Kamaru, inda a watan Agustan 1986 iskar kabon ta ɓalle cikin dare ta kashe fiye da mutum 1,700 da dabbobi masu yawa. Waccan iskar daga ƙarƙashin dutsen aman wuta ta taru a gindin tafki, babu abin da ya danne ta sai nauyin ruwa, saɓanin wadda ke cikin kafofin dutse a ƙarƙashin murfi. Duk da haka tsoron yana da amfaninsa. A In Salah ta Aljeriya an cusa kimanin tan miliyan 3.8 daga 2004, aka dakatar a 2011 bayan awon tauraron ɗan Adam ya nuna ƙasa ta ɗan kumbura, aka kuma fara shakkar ko matsi ya taɓa ƙasan murfin. Ba a samu ɓarna ba saboda ana sa ido, kuma sa ido yana bukatar ƙwararru da hukuma mai iko da za ta iya cewa a tsaya.

Wannan ne ya sa nake yawan tunanin duwatsunmu. Gombe tana zaune a kan kwarin Gongola, inda dutsen yashin Bima, wanda ya samo sunansa daga Dutsen Bima, yake shimfiɗe da kauri, a samansa kuma akwai dutsen lakar Pindiga. A takarda wannan shi ne irin jerin da ake nema, dutse mai kafofi da murfi a kansa. Amma takarda ba ta isa ba, domin sai an auna yawan kafofin a zurfi, an gano inda ƙasa ta tsage, an kuma tabbatar da cewa babu hanyar da za ta haɗa wurin ajiya da ruwan da burtsatsen jama'a ke ja, tunda a wasu yankunan dutsen Bima ne ke ba mutane ruwan sha. Duk shirin da zai taɓa ruwan sha ban goyi bayansa ba, komai kuɗin da aka zo da shi.

Irin waɗannan bayanai daga haƙa mai zurfi ake samun su, kuma haƙar man fetur ta Kolmani, a iyakar Bauchi da Gombe, wadda Shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar a watan Nuwamban 2022, ta fito da samfurin dutse da awon ƙarƙashin ƙasa da jami'o'inmu ba za su iya biyan kuɗin samo su da kansu ba. Buhari ne kuma ya yi wa duniya alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa Nijeriya za ta daidaita iskar kabon da take fitarwa da wadda take cirewa daga sararin sama nan da 2060. Roƙona ga wakilanmu a majalisa da shugabannin Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta Bauchi shi ne su nemi a adana waɗannan samfurori, a ba malamai da ɗaliban ilimin duwatsu damar nazarinsu. Idan wata rana wani kamfani ya zo da tayin binne hayaƙin Ashaka ko na gas ɗin Kolmani a ƙarƙashin gonakinmu, ina so a ce 'ya'yan yankin ne za su karɓi taswirarsa su duba, su ce wannan wuri ya dace, wancan bai dace ba.

Malam, ka nuna wa ɗalibanka na ajin kimiyya ɓangaren dafa sinadarin nan, ka sa su lissafa wutar da tasha mai megawat 100 za ta rasa, su aiko mini da abin da suka samu. A shiri na gaba, in Allah ya yarda, zan kai ku Oygarden ku ga tankunan da jiragen ruwa ke sauke wa kaya. Na gode, Allah ya ba mu alheri.