Sanyin Jos da Sanyin Titan

Hauwa: Assalamu alaikum masu sauraro, daga Jos muke. Yaya Sadiku, tun makon jiya saƙonni ke shigowa kan maganar da ka yi cewa sanyi na iya ƙara wa sinadarai saurin haɗuwa. Mutane sun ce ai firij ma ya ƙaryata ka.

Sadiku: Firij ya yi gaskiya, Hauwa. Kunun zaƙi ba ya saurin tsami a sanyi, kuma lissafin masanin kimiyya Arrhenius na 1889 ke nan: zafi ya sauka, haɗuwa ta yi jinkiri. Amma aka ɗauki wannan lissafi aka ɗora wa Titan, watan duniyar Saturn, inda sanyi ya kai digiri 179 ƙasa da sifili.

Bashir: 179? Mu da muke kuka da hunturun Janairu a Rayfield!

Hauwa: Kai da ruwan wanka ba kwa ga maciji daga Disamba har Fabrairu.

Bashir: Wallahi Anti, ƙanena da ya zo daga Kano riga uku ya saka, ya ɗora bargo, ya ce mu kai shi tasha.

Hauwa: Har man kaɗanya ya daskare masa a jaka, ko?

Bashir: Ya zama dutse! Sai da muka kara shi kusa da murhu.

Sadiku: To ku riƙe wannan daskarewar, ita ce matsalar. Ka sanyaya iskar gas cikin tulu, sai ta manne jikin bango, ba abin aunawa. Bertrand Rowe da abokan aikinsa a Faransa suka fito da dabarar CRESU: a tura gas ta bututu mai siririn wuya, ya fita da gudun da ya fi na sauti, ya yi sanyi nan take bai taɓa bango ba. Sai a haska leza a auna. Da aka auna, wasu haɗuwar sai ƙara sauri suke yi! A 2013 masana a Jami'ar Leeds ta Ingila suka ga OH, wato haɗin oksijin da haidurojin, da sinadarin metanol, a digiri 210 ƙasa da sifili, suna haɗuwa kusan ninki 50 fiye da yadda suke yi a zafin ɗaki.

Hauwa: Ta yaya, Yaya?

Sadiku: Da rana a kasuwar Terminus kowa na sauri, a bangaji juna a wuce. Amma da sanyin asuba, teburin mai shayi, ana zama a daɗe. Haka ƙwayoyin suke, idan sun rage gudu sai su manne na ɗan lokaci, ƙwayar haidurojin ta samu damar ratsa katangar da ke hana haɗuwar, wadda ba ta da ƙarfin haurawa. Abin da ke damuna, jan hazon da kumbon Huygens ya ratsa ya sauka Titan a Janairun 2005, hasken rana ne ke farfasa iskar naitirojin da ta metan su haifar da shi. Idan ƙiyasi ka yi maimakon awo, duk lissafin hazon nan ya karkace.

Bashir: Wato su ma suna da harmatan.

Sadiku: Nasu ba ya wucewa. Kuma jirgin Dragonfly da NASA ke shiryawa...

Hauwa: Yaya, an kira la'asar, batirin ma ya yi ja. Dragonfly sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.