Kafin Ka Rushe Hujjar Ɗan'uwanka, Ka Fara Gina Ta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Malam Shugaba, dattawanmu da malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwana 'yan Zamfara mazauna Ingila, assalamu alaikum warahmatullah.

Kwamiti ya umarce ni da in yi magana a kan yadda muke gardama a tsakaninmu, musamman a zaurenmu na WhatsApp, inda batun sulhu da 'yan bindiga ya raba kanmu gida biyu har wasu suka yi fushi suka fice. Ban zo in yanke hukuncin wane ne ya fi gaskiya ba. Roƙona shi ne, kafin mutum ya soki ra'ayin ɗan'uwansa, ya tsaya ya shimfiɗa ra'ayin da mafi ƙarfin hujjojinsa, har sai mai ra'ayin ya ce, "Ƙwarai, haka nake nufi."

Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812 tun kafin ya zama Sarkin Musulmi, Muhammadu Bello ya kawo wasiƙun Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno, waɗanda suke ƙalubalantar halaccin yaƙar Borno. Al-Kanemi ya kafa hujja da cewa saɓo ba ya fitar da mai salla daga Musulunci, kuma irin laifuffukan da ake zargin Barebari da su ana yin su a Masar da Sham, babu wanda ya kafirta mutanen can. Hujja ce mai nauyi, kuma da Bello ya ga dama da ya gutsure ta ya bar raunananniyarta, domin alƙalami a hannunsa yake. Sai ya kawo ta da bakin mai ita, sannan ya amsa da cewa Borno ta mara wa sarakunan Hausa baya a yaƙinsu da Jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Shi ya sa har yau ɗalibi yake iya auna maganganun biyu da kansa. Imam Gazali ma sai da ya rubuta littafi guda yana bayyana manufofin masana falsafa kafin ya rubuta na raddi a kansu.

To, mu dawo gida. Wanda ba ya son sulhu ya kamata ya iya faɗin hujjar mai so ba tare da ya kira shi ɗan koren ɓarayi ba. Ya iya cewa manomin Dansadau ko na Zurmi yana ganin sojoji su zo su koma, shi kuwa a nan zai kwana, gonarsa tana bakin daji, kuma ba zai girbe gero ba sai da yardar masu bindiga. Ya amince cewa kisan da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi wa makiyaya ba tare da shari'a ba ya ƙara rura wutar, kuma katse layukan waya da rufe kasuwannin mako da aka yi a 2021 sun gasa wa talaka aya a hannu, alhali matsalar ba ta ƙare ba.

Mai son sulhu shi ma akwai bashi a kansa. Ya iya faɗi da bakinsa cewa an yi sulhu a 2019, an sami ɗan sauƙi, amma a Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe. Ya yarda cewa dabobin 'yan bindigar ba su da shugaba ɗaya, don haka alkawarin wannan bai ɗaure wancan ba, kuma matar da aka kashe mata miji tana da haƙƙin ta tambayi dalilin da zai sa a shimfiɗa wa makashinsa darduma.

A ganina, idan kowa ya sauke wannan nauyi, za a tarar saɓanin ya koma kan tambayoyin da ake iya bincikawa: da wa za a zauna, shin ajiye makamai zai zama sharaɗi na farko, kuma wa zai tsaya idan aka saɓa. Mu da muke nesa mun fi kowa bukatar wannan taka-tsantsan, domin saƙon muryar da muka ɗauka cikin zafin rai a nan, kafin gari ya waye ya isa Gusau da Ƙauran Namoda, ana cewa ai masu ilimi na Turai ne suka faɗa. Amma kada a fahimce ni ba daidai ba: hujja ake ƙarfafawa, ƙarya kuwa ba a yi mata ado. Wanda ya turo tsohon bidiyo ya ce na jiya ne, gyara ya kamace shi.

Malam Shugaba, shawarata ita ce a zama na gaba a zaɓi mutum biyu daga kowane ɓangare, kowa ya gabatar da ra'ayin da ba nasa ba na tsawon minti 10, kuma ba za a ba shi damar raddi ba sai masu ra'ayin sun tabbatar a gaban dattawa cewa ya yi musu adalci. Idan an amince, ina roƙon Sakatare ya ɗauki sunayen masu sha'awa kafin mu tashi.

Wassalamu alaikum warahmatullah.