Kwament a shafin 'yan sanda ba ƙara ba ce

Malam: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau kan shafukan 'yan sanda a soshiyal midiya za mu tattauna, kuma Kano za mu ɗauka misali. Hajiya, Barista, sannunku da zuwa.

Hajiya: Yauwa Malam. Ai kusan duk mai Facebook a Kano ya san shafin kakakin rundunar 'yan sandan jihar, Abdullahi Haruna Kiyawa. Ƙarfinsa harshe ne. Sanarwa ta fito daga hedikwatar Bompai da Turanci, sai a maimaita ta da Hausa a bidiyo, dattijo a Rano ko Gwarzo jikansa ya kunna masa ya ji da kunnensa. Cigiyar yaro, baburan da aka ƙwato, lambobin gaggawa, gargaɗi kafin hawan Sallah, duk nan ake samu.

Malam: Amma Barista, na ga kana girgiza kai.

Barista: Abin da ke damuna ƙasan rubutun ne, Malam. Mutum an yi masa ƙwacen waya a Ƙofar Ɗan Agundi, sai ya rubuta a kwament ya koma gida yana jiran a kira shi. Kwament dubu ne suka binne nasa, kuma a doka bai kai ƙara ba. Ƙara sai ka taka zuwa ofishin 'yan sandan yankin da abin ya faru, a shigar a rajista, ka ba da bayani a rubuce, ka karɓi sunan jami'in da aka ba binciken da lambarsa.

Hajiya: Ka tafi da kwalin wayar da rasit. Lambar IMEI ake nema, wato lambar shaidar wayar, mai lambobi 15. Masu sauraro, tun wayar tana hannunku ku danna *#06# ku rubuta ta a takarda. Kafin ma ofishin, a toshe layi da asusun banki, don ɓarawon yanzu kuɗin da ke cikin layin yake hari kafin wayar.

Malam: To idan ɗan sandan ne da kansa ya zalunce ka fa?

Barista: Akwai sashen karɓar koke da ake kira CRU, an kafa shi a 2015 zamanin Sufeto Janar Solomon Arase, yana karɓa ta WhatsApp da X da kiran waya. Inda koke ke mutuwa shi ne rashin takamaiman bayani. "Sun karɓe mini kuɗi a hanya" ba ya kama kowa. Faɗi rana, lokaci, wurin shingen, lambar mota, sunan da ke ƙirjin kaki. In ta taransifa aka karɓi kuɗin, hoton rasit ɗin banki shi ne babbar shaida. Kuma in an ɗauki bidiyo, kar a goge na asali, domin wanda ya zaga WhatsApp ya riga ya dushe.

Hajiya: Ga kuma shafukan bogi masu tambarin rundunar. Duba ranar da aka buɗe shafin da ko an taɓa canza masa suna, Facebook yana nunawa. Duk wanda ya nemi kuɗin beli ko na ɗaukar aiki ta inbok, ɗan damfara ne. Beli kyauta ne.

Malam: Mu zo kan holen waɗanda ake zargi, don nan ake fi taruwa.

Barista: Nan nake da ja sosai. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce mutum marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar. Legas ta haramta holen tun 2021. Yaro kotu ta sallame shi, amma fuskarsa tana nan a wayoyin mutane, ya je neman aure a tono ta.

Hajiya: Amma Barista, ta haka wasu ke gane wanda ya tare su, har su fito shaida.

Barista: A nuna kayan da aka kama, Hajiya, a rufe fuska. Mai shaida ya je ofis a jera masa mutane ya nuna, wannan kotu ta fi aminta da shi.

Hajiya: A kan yara ƙanana kam na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Sai roƙona ga masu tsegunta maɓoyar 'yan daba: don Allah kar a kwament, da sunanka da hotonka. Su ma suna karantawa. Ka kira lambar da rundunar ta wallafa, ko 112.

Malam: Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa Barista zai warware mana batun tsare mutum fiye da awa 24. Sai mun haɗu.