Launin Firam ɗin Taga: Yayi Zai Wuce, Tagar Tana Nan

Ga gidaje biyu a gabanmu, tsarinsu ɗaya, bangonsu ɗaya, rufinsu ɗaya, hatta girman tagoginsu bai bambanta ba. Abin da ya raba su kawai shi ne launin firam ɗin taga: na farko fari ne, na biyu kuwa ruwan toka ne mai duhu har ya kusa zama baƙi. Yawancin waɗanda za su dube su a yau za su ce na biyun sabon gini ne, na farkon kuma ya kwana biyu, alhali rana ɗaya aka gama su. Wannan hukunci ba daga ginin ya fito ba, daga idon zamani ya fito, domin da shekara arba'in baya aka nuna su, da na farkon ne za a kira ɗan yayi.

Masu iya magana sun ce zamani riga ne, kowa da irin wadda ya tarar ana sawa. Sai dai taga ba riga ba ce da mutum zai tuɓe idan ya gaji da ita. Fentin bango ana sabunta shi bayan 'yan shekaru, labule ana sauya shi da yamma ɗaya, amma firam ɗin taga an kafe shi ne cikin bango, kuma ana sa ran ya yi shekara 20 zuwa 30 ko fiye kafin a ciro shi. Ba kasafai yayin launi yake riƙe kambunsa tsawon wannan lokaci ba. Saboda haka mai gida da ke tambayar ko launin da ake yayi zai ɗore ya riga ya san amsa, ba zai ɗore ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce, ranar da yayin ya mutu, shin tagar tana da wani dalili na zama da wannan launi, ko kuwa yayin ne kaɗai dalilinta?

Kafin a je ga tarihi, ya kamata a fahimci yadda ido yake ganin taga, domin a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Idan aka tsaya a waje da rana, gilashin taga ba fari ake ganinsa ba, duhu ake gani, saboda cikin ɗaki bai kai waje haske ba. To, idan firam ɗin ma mai duhu ne, sai ya saje da gilashin, tagar gaba ɗaya ta zama kamar rami guda a jikin bango, ta yi kamar ta fi girmanta na gaskiya, sandunan da suka raba gilashin kuma su ɓace wa ido. Farin firam akasin haka yake yi: yana zana iyakar tagar, yana fito da kowane sanda da kowace kusurwa. Idan tagar tana da kyawun ƙira, wannan alheri ne. Idan kuwa firam ɗin mai kauri ne, ko tagogin gidan ba su daidaita da juna ba, farin launi zai tona asirinsu ga duk mai wucewa.

Daga cikin ɗaki lamarin juyewa yake yi. Gilashin ne yake da haske, firam mai duhu kuma ya tsaya a kansa tamkar an zagaye hoto da baƙin zare, abin da ke ƙawata kallon waje idan akwai abin kallo. Farin firam kuwa yana narkewa cikin farin bango, yana kuma mayar da haske cikin ɗaki, don haka ƙaramin ɗaki mai ƙaramar taga ya fi sakewa da shi.

Yanzu bari mu waiwaya baya. A Ingila ta ƙarni na 18, tagogin katako galibi ana shafa musu fentin farar dalma da aka kwaɓa da mai, wanda bayan ɗan lokaci yakan rine ya koma ruwan madara. A zamanin Sarauniya Victoria, wato daga 1837 zuwa 1901, launuka masu duhu suka yi tashe, kore mai duhu da ruwan ƙasa, kuma hayaƙin kwal da ya lulluɓe biranen lokacin yana cikin abin da ya sa farin fenti bai da daɗin riƙo. Fari fat ɗin nan da mutane da yawa suke ɗauka shi ne launin taga na asali, sai a ƙarni na 20 ya samu, bayan da aka fara sarrafa sinadarin titaniyam a matsayin farin fenti mai yawa da araha. Wato abin da muke kira na gargajiya ma akwai ranar da shi ne baƙo.

Haka nan baƙin firam da ake ɗauka sabon abu ne, shi ma ya daɗe. Ginin makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya tsara a birnin Dessau na Jamus, wanda aka buɗe a 1926, ya yi suna ne da bangon gilashi mai siraran sandunan ƙarfe, kuma a shekarun 1920 da 1930 irin waɗannan tagogin ƙarfe, kamar na kamfanin Crittall a Ingila, sun cika masana'antu da gidaje. Daga baya alminiyam mai launin tagulla ya mamaye ofisoshi a shekarun 1970. Tagogin roba mai tauri da ake kira uPVC, waɗanda aka fara ƙerawa a Jamus a shekarun 1950, suka bazu da farinsu a shekarun 1980 da 1990, tare da wani nau'i mai ruwan ƙasa da aka yi wa zanen katako. Shi wannan na ƙarshen ya cancanci a tsaya a kansa, domin a lokacinsa alamar wadata ne, amma yau ana iya faɗin shekarun gida daga ganinsa kawai. Dalilin tsufansa da wuri shi ne kwaikwayo yake yi, roba ce take shigar katako, kuma ido ba ya daɗewa bai gano mai shigar burtu ba.

Launin da ya yi kaka-gida tun daga shekarun 2010 shi ne ruwan toka mai duhu da ake kira da sunan wani nau'in kwal mai tauri, antarasait. Masu sana'ar sun fi saninsa da lambarsa, RAL 7016. Wannan tsari na bai wa launuka lamba a Jamus aka kafa shi a 1927 da launuka 40 kacal, yanzu kuma sun haura 200, kuma amfaninsa ga mai gida babba ne: idan ya ce wa mai haɗa taga "ruwan toka", zai iya kawo masa iri goma, amma lamba ba ta da harshe biyu. Shi kansa launin ba shi da aibu, yana dacewa da jan bulo, da farin bango, da dutse. Matsalarsa ita ce yawa. Idan layi guda ya cika da launi ɗaya cikin shekaru goma, launin yakan zama hatimin waɗannan shekaru, kamar yadda ya faru da ruwan ƙasan da muka ambata. A ganina zai fi wancan tsufa da mutunci, tunda ba ya kwaikwayon kowa, amma gidan da aka ɗora masa shi ba tare da wani abu a jikin ginin ya kira shi ba, wata rana zai zama abin nuni.

Akwai kuma wani ɓangare da ba ruwansa da ra'ayi, wato zafin rana. Launi mai duhu yana shan hasken rana ya mayar da shi zafi, kuma fuskar baƙin firam da rana ta daka tana iya kaiwa digiri 70 a ma'aunin Selshiyas, yayin da fari a gefensa bai kusanci haka ba. Kowane abu yana miƙewa idan ya yi zafi, amma ba daidai suke miƙewa ba. Alminiyam mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da kusan milimita 0.023 a kan kowane digiri guda, robar uPVC kuwa kusan ninki uku na wannan, ƙarfe kuma kusan rabin na alminiyam. Idan muka ɗauki sandan roba mai tsawon mita 2 da zafinsa ya tashi da digiri 40, lissafi zai ba mu ƙarin tsawo da ya haura milimita 5. A ido wannan ba komai ba ne, amma a wurin tagar da dole ta shiga gurbinta daidai, shi ne bambancin taga mai rufuwa da hannu ɗaya da wadda sai an sa kafaɗa. Ƙari a kan haka, robar tana fara laushi ne a wajen digiri 80, don haka tazarar da ke tsakanin baƙin firam a tsakar rana da wannan iyaka ba ta da yawa.

Wannan ne ya sa masu ƙera tagogin roba suke saka ƙarfe a cikin cikin firam mai duhu don ya riƙe shi, wasu kuma suna amfani da launuka na musamman masu mayar da wani ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani amma yake kawo zafi, kasancewar kusan rabin ƙarfin hasken rana yana zuwa ne ta wannan hanya. Duk mai son firam mai duhu a bangon da rana ta fi duka, musamman a ƙasa mai zafi, ya kamata ya tambayi mai sayarwa waɗannan abubuwa biyu kai tsaye, kuma idan amsar ta zo da kame-kame, alminiyam ko ƙarfe sun fi masa kwanciyar hankali.

Datti kuwa kowane launi da irin nasa: duhu yana nuna ƙura da sawun ruwan da ya bushe, fari yana nuna hayaƙi da gansakuka. Koɗewa ma ta fi bayyana a launi mai duhu ko mai kauri irin ja da shuɗi, kuma ƙarzuwa a kan baƙin firam da cikinsa fari ne ba ta ɓoyuwa.

Abin da aka yi firam ɗin da shi ne yake nuna girman kasadar da mutum zai iya ɗauka. Katako da ƙarfe dama sai an riƙa sabunta musu fenti lokaci zuwa lokaci, saboda haka mai tagar katako yana da 'yancin bin yayi, in ya gaji da kore ya mayar da ita fara, asararsa gwangwanin fenti ne da aikin kwana biyu. Alminiyam da aka gasa wa fentin gari a masana'anta, da robar da aka manne wa launi, ba haka suke ba. Ana iya fesa musu sabon fenti, amma aiki ne na gwani, ba kasafai yake kai ingancin na asali ba, kuma yana iya soke garantin da kamfani ya bayar. Wanda zai sayi irin waɗannan, zaɓinsa na ranar farko shi zai zauna da shi.

To, daga ina za a ɗauko launin? Daga abubuwan da ba za su sauya ba a jikin gidan: rufi, bulo ko dutsen da ba a shafa wa fenti, daɓen farfajiya, da tsarin ginin kansa. Gida mai rufi ruwan toka da manyan tagogi masu siraran sanduna ya riga ya nemi firam mai duhu, kuma ko bayan an daina yayinsa, mai kallo zai ga rufin da tagar suna magana da juna. Gida mai jan rufi da bango ruwan ƙasa mai haske ya fi karɓar fari mai ɗan ɗumi, ko ruwan madara, ko tagulla. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zaɓi firam domin ya dace da fentin bangon yau, alhali bangon zai sauya launi sau uku ko huɗu kafin tagar ta tsufa. Ba lallai ne kuma waje da ciki su zama launi ɗaya ba, domin kamfanoni da dama suna yin firam mai fuska biyu, duhu a waje fari a ciki, abin da ke bar wa mai ɗaki damar sauya adonsa yadda ya so.

Idan gidan yana cikin rukunin gidaje masu tsari ɗaya, ko unguwar da hukuma ta keɓe saboda tarihinta, a bincika ƙa'idar wurin tun kafin a ba da aiki, domin akwai inda ba a yarda a sauya launin taga ba sai da izini.

Daga nan sai gwaji, kuma ba a allon waya ake yinsa ba, tunda kowace waya da yadda take nuna launi, haka nan fitilar kanti tana ruɗin ido. A nemi guntun firam na gaske, a rubuta lambar launinsa, a jingina shi da bangon gidan kusa da gilashi, sa'an nan a ja da baya har bakin titi a dube shi da sassafe, da tsakar rana, da kuma dab da faɗuwar rana. Ruwan tokan da ya yi kyau da safe yana iya komawa shuɗi-shuɗi da yamma, farin da ya yi tsabta a inuwa kuma yana iya kashe ido a cikin rana. A bar guntun a wurin na tsawon mako guda ba tare da an goge shi ba, a ga yadda ƙura take zama a kansa, kuma a ɗora masa tafin hannu da misalin ƙarfe biyu na rana.