Darasin kanikanci: idan Hilux ko Land Cruiser mai gas ta fara zuƙar mai

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau kan motocin gas muke, wato dizal, man da 'yan'uwanmu na Nijar ke kira gazuwal, musamman Hilux da Land Cruiser masu ja da ƙafa huɗu. Malam, idan mota ta fara shan mai fiye da da, sai mai ita ya nufi wajen mai gyaran nozul, abin nan da ke fesa mai cikin injin, ke nan?

Makanike: Wa alaikumus salam. A'a, ranka ya daɗe, nozul shi ne na ƙarshe. Kafin a kwance ko noti ɗaya, a fara aunawa, don allurar geji ba abin dogaro ba ce. Ka cika tanki har famfo ya katse da kansa, ka mai da lissafin tafiya sifili, ka yi zirga-zirgarka kamar kullum. In ka yi kilomita 400, koma gidan man nan, famfon nan, ka sake cikawa. A ce lita 48 ta shiga. Raba 48 gida huɗu, 12 ke nan, wato lita 12 a kowane kilomita 100. Hilux mai injin 2KD ko 1KD, in lafiyarta ƙalau, a kan kwalta kuma ba lodi, wajen lita 8 zuwa 10 take sha. Land Cruiser mai 1HZ, silinda shida, tana kaiwa 12 zuwa 14, kuma wannan halinta ne, ba ciwo ba. Amma a kula da taya. In an cire 265/65R17 an sa 285/70R17, sabuwar ta fi tsayi da kusan kashi 7 cikin ɗari, sai mitar ta riƙa ƙirga ƙasa da tafiyar da aka yi. Ka ga lissafin ya karkace, ga kuma nauyin tayar da injin zai ja.

Mai gabatarwa: To an auna, an tabbatar ta ƙara sha. Sai ina?

Makanike: Sai a fara da abin da ba ya cin kuɗi. Leƙa ƙarƙashin mota da safe, ko akwai ɗigo. Duba ƙananan tiyon da ke mai da rarar mai tanki, suna tsagewa in sun tsufa. Sannan iskar taya. Direba zai sauke iska zuwa 18 ko 20 don ya ratsa yashi, daidai ne, amma sai ya hau kwalta bai mayar ba. Adadin da ya dace yana rubuce a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, kuma da sanyin taya ake aunawa.

Daga nan sai oksilari, wato giyar da ke sa mota ja da ƙafa huɗu. Masu giyar H2 cikin waɗannan motoci, wato ja da ƙafa biyu, a H2 ake tafiya da su kan kwalta. H4 da L4, masu ja da ƙafa huɗu, na yashi ne da taɓo. In motar mai makulli ce a tsakiyar tayoyin gaba, ka tsuguna ka duba: kibiyar tana kan LOCK ko FREE? In tana LOCK, ko da giyar na H2, tayoyin gaba suna juya shaf da aksul a banza. In kuma H4 aka manta a kan kwalta, abin ya wuce shan mai, domin babu abin da ke raba gudun gaba da na baya. Za ka ji sitiyari ya yi tauri a kwana, taya na kurzar ƙasa. Bayan tafiyar kilomita goma kuma, ka tsaya ka kai bayan hannunka kusa da kowane rim. Wanda ya fi sauran zafi, birkinsa na kamawa, galibi birkin hannu na baya da laka ta cushe.

Mai gabatarwa: Ga shi kuma muna ƙasar ƙura.

Makanike: Sosai. Injin gas da iska yake rayuwa. Lokacin hunturu, ko ga mai bin hanyar burji, matatar iska, wadda muke ce wa iyakilina, kan toshe tun lokacinta bai yi ba. Ciro ta ka ɗaga wajen rana. In haske ba ya ratsa takardar, ta gama aiki. In za a hure ta, daga ciki zuwa waje ake hurawa, a hankali. Kar a buga ta da taya, kar a wanke ta da ruwa. Masu tabo (turbo), na'urar da ke ƙara tura wa injin iska, kuma a bi tiyon iska ɗaya bayan ɗaya. Inda ka ga danshin baƙin mai a bakin kilif, ko kana jin fito in an taka totur, iska na gudu ta nan.

Yanzu ga wanda na fi so a saurara da kyau, tamostat. An saba cire shi, wai ƙasarmu da zafi. Wallahi wannan kuskure ne mai cin kuɗi. Aikinsa ya tsare ruwa a cikin injin har ya kai wajen digiri 80, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. Injin gas ba shi da fulogin tartsatsi, zafin iskar da fistin ya matse shi ke kunna man. In injin bai ɗau zafi ba, man ba ya ƙonewa duka, baƙin mai ya zauna da kauri, in motar mai kwamfuta ce kuma, kwamfutar ta ci gaba da ba shi mai irin na injin mai sanyi. Alamar a fili take: ka yi tafiyar minti ashirin, allurar zafi na kwance a ƙasa. In mota na zafi, a wanke lagireto, a duba fanka da murfin lagireton da famfon ruwa, a bar tamostat a wurinsa.

Mai gabatarwa: Hayaƙi fa, Malam? Wasu motocin in sun taka totur sai bayansu ya yi duhu.

Makanike: Baƙin hayaƙi mai ne ya fi iska yawa, kuɗinka ne ke fita ta salansa. Fari mai yaji a ido man da bai ƙone ba ne, ko taimin ya goce ko nozul na ɗiga. Shuɗi kuwa baƙin mai injin ke ci. In an gama da iska, an wanke bawul ɗin EGR, mai mai da wani ɓangaren hayaƙi cikin injin, da kan cika da baƙin toka, hayaƙin bai tafi ba, to yanzu an iso nozul. Na injin 1HZ da na 5L na Hilux ana ciro su a ɗora kan na'urar gwaji, a ga ƙarfin da suke buɗewa da yadda suke fesawa. Feshin ya fito kamar hazo, ba tsiyaya ba. Na 2KD da 1KD da sababbin injinan GD kwamfuta ake jonawa a karanta, kuma in an sa sabo, dole a shigar da lambarsa cikin kwamfutar. A sa sabuwar washa duk lokacin da aka ciro nozul. Ina roƙon yaran gareji, kar wanda ya sassauta bututun mai injin na aiki. A masu kwamfuta, matsin da ke ciki kan haura bar 1,000 a ma'aunin matsi, yana huda fata.

Kuma kar a yarda wani ya murɗa sukurun famfon da ke tura wa nozul mai wai ya rage mai. Motar za ta rasa ƙarfi, direba ya ƙara danna totur, a koma gidan jiya. Abin da ke kashe nozul shi ne ruwa da gas ɗin da aka gauraya da kananzir, don kananzir ba shi da santsin da famfo ke buƙata. A ƙasan filtar mai akwai ɗan makunni. Sassauta shi, ka danna famfon hannu da ke sama, ka tara a kwalba mai haske. Ruwa zai kwanta a ƙasa, gas ya hau sama. In fitilar gargaɗin ruwan ta kama a dashbod, a tsiyaye a ranar.

Mai gabatarwa: Saura minti ɗaya. Ɓangaren direba fa?

Makanike: Motocin nan dogaye ne masu faɗin ƙirji. Daga gudun 100 zuwa 120, turjiyar iska na ƙaruwa da kashi 44 cikin ɗari, balle an ɗora kariyar ɗaukar kaya da jarkoki a sama. Barin injin a kunne da AC ana jiran Alhaji kuma na cin kusan lita guda a awa, mita ba ta ƙirga komai ba. Duk gyaran da aka yi, a yi shi ɗaya ɗaya, a sake cika tanki a auna kilomita 400 ɗin nan kafin a taɓa na gaba.