Amsoshin Tambayoyinku: Idan an raba an sami ragowa, ina za a kai ta?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun da muka zaɓo yau duk a kan lissafin rabawa suke, musamman inda aka raba aka sami ragowa.

Ta farko daga wata uwa ce. Ta ce an ba ɗanta aikin gida kamar haka: ɗalibai 50 za su je ziyara, kowace mota tana ɗaukar mutum 12, mota nawa ake bukata? Yaro ya rubuta "4, ragowa 2", malami kuwa ya soke amsar. Tana tambaya mene ne laifin yaron, tunda 12 sau 4 ya ba da 48, saura 2.

Malama, ɗanki ya iya rabawa, wannan babu ja. Abin da ya rage masa shi ne ya koma kan tambayar bayan ya gama lissafi. Yawan motoci aka tambaya, kuma waɗannan 2 da suka saura yara ne tsaye a bakin hanya suna jiran a ɗauke su. Dole a kawo musu mota ta biyar, ko da za ta tafi kusan babu kowa a ciki. Amsa ita ce 5. Don Allah kada ki yi masa faɗa. Ki zaunar da shi ki tambaye shi, "Su wane ne waɗannan biyun, kuma yaya za a yi da su?" Za ki ga shi da kansa ya gano.

Ba ɗanki kaɗai ne ke tuntuɓe a nan ba. A farkon shekarun 1980, a wata jarrabawa ta ƙasa da aka yi wa 'yan shekara 13 a Amurka, an tambaye su: sojoji 1128 za a kwashe, kowace bas tana ɗaukar 36, bas nawa ake bukata? Kashi 29 cikin 100 suka rubuta "31, ragowa 12", kashi 18 suka ce 31, kashi 23 kacal suka ce 32, wadda ita ce daidai. Yawancinsu sun yi rabawar daidai, fassara ta ce ta gagara. A ganina wannan yana faruwa ne idan aka saba wa yaro da jera lambobi ba tare da an tambaye shi abin da lambobin suke wakilta ba.

Ki gwada masa da lambobin nan dai, ki sauya labarin. Fensir 50 ne, kowane kwali yana cin 12, kwali nawa zai cika? Nan amsa 4 ce, an ajiye ragowar gefe. Fensir nawa ba su sami kwali ba? Nan ragowar ita ce amsar, wato 2. Idan kuwa igiya ce mai tsawon mita 50 za a raba wa mutum 4, kowa zai sami mita 12, saura mita 2, su ma a yanka su, kowa ya tashi da mita 12 da rabi. Igiya tana yankuwa, ɗan makaranta ba ya rabuwa gida biyu.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗalibi ce. Ya ce ya danna 17 a raba gida 5 a na'urar lissafi, ta ba shi 3.4, amma malaminsu ya ce ragowar 2 ce. Wa ke da gaskiya?

Ɗana, dukansu. Wannan 4 da ke bayan ɗigo ba ragowa ba ce, kashi 4 ne cikin 10 na abin da ka raba da shi, kuma kashi 4 cikin 10 na 5 shi ne 2. In kana son ragowa daga na'ura, ɗauki lambar da ke gaban ɗigo, wato 3, ka ninka ta da 5, ka sami 15, ka ɗebe daga 17, saura 2. Sannan ka riƙe wannan: ragowa ba ta taɓa kai abin da aka raba da shi. In ka raba gida 5 ka ga ragowa 5 ko 6, ba ka gama ba, akwai sauran zagaye ɗaya.

Sai wani dattijo da ya rubuto yana cewa ya lura a kalandar miladiyya, kwanan watan da ya faɗo ranar Litinin bara, bana sai ya faɗo Talata. Me ke kawo haka?

Baba, Allah ya ƙara lafiya, ragowa ce take aikinta. Shekara tana da kwana 365. In an raba gida 7 za a sami mako 52, saura kwana 1, kuma wannan kwana ɗayan ne ke tura ranar gaba kowace shekara. A shekarar da Fabrairu ya yi kwana 29, kwanaki sun zama 366, ragowa 2, don haka duk kwanan watan da ya tsallake wannan rana ta 29 sai ya matsa da kwana biyu. Da wannan dabara za ku iya sanin kowace rana ba tare da duba kalanda ba. In yau Litinin ce, kwana 100 nan gaba mako 14 ne da kwana 2, wato Laraba ke nan.

Kafin mu yi sallama, ga aiki ga ɗalibai. Wani masanin lissafi na ƙasar Sin mai suna Sunzi, tsakanin ƙarni na 3 da na 5, ya yi wannan tambaya: akwai wasu abubuwa da ba a san adadinsu ba, in an ƙirga su uku-uku saura 2, biyar-biyar saura 3, bakwai-bakwai saura 2. Ku nemo adadi mafi ƙanƙanta, bai kai 30 ba. Ku aiko mana da amsa haɗe da hanyar da kuka bi, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. A huta lafiya.