Littafi a Cikin Waya: Yadda Marubuciya Take Rayuwa a Damagaram

Assalamu alaikum masu kallonmu. Yau a Damagaram muke, kuma zancen marubuta littattafan Hausa za mu yi: yadda suke wuni, inda suke samun lokacin rubutu, abin da ke shiga aljihunsu, da irin zaman da suke yi da samari da ƴan matan da ke bibiyarsu.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, yawancin labaran da matasa ke karantawa yanzu ba su taɓa shiga maɗaba'a ba. Da babban yatsa ake rubuta su, a kan waya. Marubuciya, don mata ne suka fi yawa a harkar, za ta buga babi guda yau, ta saka shi a rukunin WhatsApp, ko a Facebook, ko a Wattpad, gobe ko jibi ta kawo na gaba. Labari ɗaya sai ya yi watanni ana sakinsa kaɗan-kaɗan. Marubucin da, sai ya gama littafinsa tsaf kafin kowa ya gani, ba wanda ya isa ya sa masa baki. Ita kuwa ta yau tana rubutu ne masu karatu na tsaye a kanta. Ku riƙe wannan, don kusan duk daɗi da wahalar da za mu ambata daga nan suka taso.

To, mu bi ta wuni guda. Wataƙila malamar makaranta ce a unguwar Garin Malam, ko mai ɗinki a Sabon Gari, ko matar aure a cikin Birni. Da wuya ka samu wadda rubutu kaɗai ke ciyarwa. Kuma kafin a zo maganar alƙalami, akwai maganar ruwa. Garin nan a kan dutse yake zaune, daga nesa ake jawo masa ruwa, daga irin su Gogo da Arunguza da Ganaram. In famfo ya kawo da tsakar dare, barci ya ƙare ke nan, a tashi a cika jarkoki da randuna. In bai kawo ba, a zuba ido ga ƴan garuwa. Gari ya waye, a shirya yara su tafi lakwal, wato makaranta, a fita aiki, a dawo a ɗora tukunya. Rubutu sai bayan sallar isha'i, in gida ya yi tsit.

Ku dubi wayar da ke hannunta. Gilashin ya tsage ta gefe guda, madannin kuwa na Faransanci ne, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, sai in ta nemo wani ta saka. Tana buga kalmar Hausa, wayar na mayar mata da ita wata kalmar Faransanci, ta goge ta sake. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a tsakar gida take shimfiɗa tabarma, wayar na ɗaukar zafi a tafin hannu, caji na zubewa. Waɗanda suka yi rubutu a ƙarshen 2023 ba za su manta ba: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take turowa Nijar, aka yi watanni a haka, sai a farkon 2024 ta dawo. Babi da yawa a lokacin, a rumfar mai cajin waya suka kwana.

Damagaram dai ba baƙuwar alƙalami ba ce. Tun zamanin sarakunan da, malamai na rubutu da Larabci da ajami a cikin Birni. Nan ne babban birnin Nijar na mulkin mallaka har zuwa 1926, kafin a mayar da shi Yamai. André Salifou, wanda aka haifa a nan a 1942, ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19, ya kuma yi wasan kwaikwayo a kan Sarki Tanimu, shi ya sa jami'ar garin ke ɗauke da sunansa. Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa a kan Sarauniyar Lugu a 1980, aka mayar da shi fim a 1986. Amma duk da Faransanci suka yi waɗannan. Ƙagaggen labari na Hausa, wanda mace za ta karanta a ɗakinta ba tare da ta yi lise, wato babbar sakandare, ba, daga Kano ya riƙa shigowa tun wajen tsakiyar shekarun 1980, ta hanyar Daura da Matamaye. Littafi guda sai ya zaga unguwa, daga wannan gida zuwa wancan, har bangonsa ya cire. Marubutan yau ɗiyan waɗancan masu karatun ne.

A nan wahala ta farko take. Wadda ta yi boko a Nijar, da Faransanci aka koyar da ita. Hausa tana bakinta tun tana goye, amma ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya nuna mata yadda ake rubuta ta. Abin mamaki, a nan Damagaram ɗin aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973, kuma a 1999 gwamnati ta fitar da ƙa'idar rubutun Hausa. Sai dai makarantun ba su yawaita ba, ƙa'idar ma ta tsaya a hannun ƙwararru. Shi ya sa za ka ga rubutun ƴar Nijar da salon Faransanci, inda ake son "sh" ta sa "ch", inda ake son "u" ta sa "ou", ta haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Mai karatu a Kano ya gani ya ce ba ta iya Hausa ba, alhali a magana ba zai kama ƙafarta ba. A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Mataki ne babba, amma shi kaɗai ba zai samar wa marubuciya mai duba mata rubutu ba, kuma wannan ne abin da ta fi buƙata.

Wahala ta biyu ta fi ɓoyuwa. Mafi yawan masu karatun Hausa a Najeriya suke, saboda haka akwai jan hankali a rubuta abin da suka saba. Sai ka ga ƴar unguwar Zango, wadda ba ta taɓa wuce Magariya ba, ta kai labarinta Abuja, ta ba jarumin jirgin sama da gida a Dubai, ana kashe naira miliyan-miliyan. Ba laifi ba ne, mafarki ma abin sayarwa ne. Amma ni a ganina asara ce. Garin nan cike yake da labari. Ga samarin fada da ke kwana kan shayi, sun gama karatu ba aiki. Ga ɗan kabu-kabu da ke biyan kuɗin babur kullum ga mai shi. Ga unguwar Kara-Kara da irin kallon da ake yi wa mutanenta. Ga matatar mai da aka buɗe a 2011, da fatan da aka ɗora mata. Ga mata da yaran yankin Kance da ke tafiya Aljeriya neman abin kai wa baki, a watan Oktoba na 2013 ma aka tsinci gawar mutum 92 a hamada, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su. Wa zai rubuta wannan in ba ƴar gida ba? Marubutan da suka yi ƙarfin hali suka bar jarumarsu ta shiga kasuwar Dole ran Alhamis, ta yi ciniki da dala da jika, sukan tarar mai karatu na Zariya bai gudu ba. Tambaya ma yake yi.

Sai kuɗi. Tsarin da aka saba shi ne a saki babin farko-farko kyauta, in labari ya kama mutane a ce daga nan sai wanda ya biya, a buɗe rukuni na musamman. Ƴan Nijar su tura ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana, ko su aiko da katin waya. Ƴan Najeriya kuwa da naira za su biya, ke nan sai ta nemi wani ɗan'uwa mai asusun banki a Kano ko Daura ya karɓar mata. Tun da naira ta faɗi daga watan Yuni na 2023, ita kuma sefa tana ɗaure da kuɗin Turai, abin da ke zuwa hannunta bayan canji bai taka kara ya karya ba. Ga kuma masu fitar da littafi: mutum ɗaya ya biya, ya kwafe ya watsa a rukuni goma. Wani ma ya ɗauka ya karanta a YouTube da muryarsa, yana cin kuɗin talla, ko sallama bai yi mata ba. Shi ya sa za ku ga saman kowane babi da gargaɗi, wata har da Allah ya isa.

Yanzu mu zo kan masu karatu, don nan ne zuciyar zancen.

Tana sakin babi da ƙarfe goma na dare, kafin ta ajiye waya saƙo ya fara shigowa. "Tanti, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira." "Tanti, don Allah kar ki kashe mana shi." "Malama, wallahi in ta koma gidan mijin nan na daina karantawa." Akasarinsu ƴan koleji ne da ƴan lise da ɗaliban jami'a, da amaren da ke zaune a gida. Sukan rabu gida biyu, waɗannan na bayan uwargida, waɗancan na bayan amarya, a yi ta musu har ɗaya na dare kamar mutanen labarin maƙwabtansu ne. Duk marubuciyar da ta ce wannan ba ya yi mata daɗi, ba ta faɗi gaskiya ba. Shi ne ladan da take gani a take, shi ke sa ta sake ɗaukar waya gobe duk da ciwon ido da na wuya.

Amma ku lura da abin da yake yi wa labarin. Ta tsara tun farko cewa jarumar za ta bar mijin, don abin da take son faɗa ke nan. Masu karatu suka ƙi. Kuma sun biya, kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski. Sai ta fara lanƙwasa labari, mugu ya tuba dare ɗaya ba dalili, wanda ya mutu a ce ashe suma ya yi. Ko kuma a ja labarin da ya kamata ya ƙare a babi arba'in har ya kai ɗari, saboda rukuni ya cika kuma ba a son a watse. In kuka ga littafi ya fara da ƙarfi ya ƙare a sake, sau da yawa ba basira ce ta ƙare ba, surutu ne ya yi yawa. Ƙwararru a cikinsu sun samo dabara: ba sa fara saki sai sun yi nisa da rubutu, wasu ma sai sun rubuta babin ƙarshe sun ajiye. In an yi ta roƙo, ta ce, "Ƙannena ku yi haƙuri, alƙalami ya riga ya bushe."

Akwai kuma saƙon da ba a rukuni yake zuwa ba, ta bayan fage yake biyowa. Yarinya ƴar shekara goma sha biyar ta rubuto, "Tanti, abin da ya faru da ita a babin jiya, ni ma shi ake shirin yi mini." Aure ne za a yi mata da wanda ba ta so, ko wani na gida ne ke taɓa ta, ta rasa wa za ta gaya wa. Ba ta iya faɗa wa innarta ba, amma ta faɗa wa wadda ba ta taɓa gani ba, don a labarin ta ga alamar za a fahimce ta. Marubuciya ba likita ba ce, ba alƙali ba ce, kuma ba wanda ya shirya ta don wannan. Masu hankali a cikinsu sukan saurara, su rufa asiri, su lallaɓa yarinyar ta nemi wata babba da ta yarda da ita, gwaggo ko malamarta, ko ta je asibiti. Abin da ba ya halatta shi ne a ɗauki sirrin yarinya a mayar da shi babi na gaba.

Sanin cewa yara na karantawa shi ke kawo rigimar batsa. Ba a ɓoye yake ba, labarin da aka cika da zancen shimfiɗa ya fi saurin kawo kuɗi. Sai a rubuta a sama cewa na matan aure ne kawai, alhali kowa ya san rukunin WhatsApp ba ya tambayar shekaru. A Kano akwai hukumar tace fina-finai da ɗab'i, a 2007 ma har ƙona littattafai aka yi a bainar jama'a, amma wayar da ke ƙarƙashin matashin kai ba hukumar da ke isa gare ta. Wannan ya jawo wa marubuta baki ɗaya baƙin jini wajen iyaye, har wadda ba ruwanta. Shi ya sa da yawa ke fakewa da sunan alƙalami, wata ko dangin mijinta ba su san tana rubutu ba. Wata kuma, in jarrabawar birbe da bak, wato ta kammala koleji da lise, ta matso, da kanta take dakatar da labari, ta ce duk ɗalibar da ke cikin rukuni ta je ta yi karatu, za a ci gaba bayan an gama.

A cikin waɗannan yaran ne kuma sababbin marubuta ke fitowa. Wadda ta shekara tana sharhi, wata rana sai ta turo nata babin, tana jin kunya: "Tanti, ki duba mini, kar ki yi mini dariya." Galibi kwaikwayon Tantin ne tsantsa, har da irin sunayen jarumanta. Gyaran da ake fara yi mata bai wuce uku ba: ta raba kalmomi, ta rage kwatanta kyawun jaruma da motocin gidansu, ta kuma san ƙarshen labarinta kafin ta fara. Daga nan a tura ta gasa, don gasa na koyar da abin da rukuni ba ya koyarwa, wato taƙaitawa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata zalla, gajeren labari take karɓa, ba wurin jan labari. A 2022 wata marubuciya daga Maraɗi ce ta zo ta ɗaya, kuma tun daga lokacin ƴan matan Nijar suka daina ganin abin kamar na ƴan Najeriya ne kaɗai.

Wadda kuma ta nace sai ta ga littafinta a takarda, da kuɗin aljihunta za ta buga, a Kano ko a Yamai, kwafi kaɗan. Ta ɗauko su a mota, ta rarraba wa shaguna bashi, sauran ta zuba a kwali ƙarƙashin gado, tana sayarwa ɗaya-ɗaya ga waɗanda suka riga suka karanta shi a waya.